Ku Tambayi Kawu: Wai da gaske ne matan Kurdawa masu bindiga ba sa aure?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan saƙonni huɗu suka shigo kan mutane ɗaya, wato Kurdawa, wata al'umma da ke zaune a sassan Turkiyya, Iran, Iraƙi da Siriya, shi yasa na haɗe su wuri guda, masu tambayar kuɗin aure da na ciwon gyambon ciki ku yi haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Dan Allah ina yawan ganin hotunan wasu 'yan mata a Facebook da TikTok, farare masu dogon kitso sun rataya bindiga suna dariya, ance Kurdawa ne kuma wai su ne suka kori 'yan ISIS. Ƙawata tace wai ba sa aure har su mutu, ni kuma nace ƙarya ne ace mace kyakkyawa haka babu mai so. Ka raba mana gardama. Daga 'yarka a Tudun Wadan Kaduna.

AMSA: 'Yata, ƙawarki ta fi ki kusa da gaskiya, amma ba ta cinye gaba ɗaya ba, dan masu bindiga a cikin Kurdawa ba gida ɗaya bane. Akwai na Iraƙi da ake kira Peshmerga, ma'anar sunan masu tunkarar mutuwa, waɗannan suna aure suna haihuwa kamar kowa. Jalal Talabani ma da ya zama shugaban Iraƙi a 2005 ɗan tawaye ne shekara da shekaru, matarsa Hero Ibrahim Ahmed bin shi ta yi cikin duwatsu da kyamara a hannunta tana ɗaukar abinda jiragen Saddam ke yi wa ƙauyuka. To amma 'yan matan da kike gani yawancinsu na ɗaya gidan ne, ko dai PKK, ƙungiyar 'yan tawayen Kurdawan Turkiyya, ko YPJ, rundunar mata ta Kurdawan Siriya wacce aka kafa a 2013 kuma take bin koyarwar mutum ɗaya da PKK ɗin, Abdullah Ocalan. Suna cikin waɗanda suka tsaya a garin Kobani na Siriya daga ƙarshen 2014 zuwa Janairun 2015 har aka fatattaki ISIS, wannan kam babu ƙarya a ciki.

A wannan gidan duk wanda ya zama cikakken ɗan ƙungiya, mace ko namiji, ya yi sallama da aure da soyayya. Ba wai babu mai so bane kamar yadda kike tunani, doka ce. Hujjarsu kala biyu ce. Ta farko ta aƙida, suna cewa aure yadda ake yinsa a ƙauyukansu mallakar mace ne, ba za a yi soyayya ta gaskiya ba sai ƙasa ta samu 'yanci. Ta biyu kuma wadda ba a cika faɗa da ƙarfi ba ita ce ta lissafi, uban da ke ƙauye mai kishin mutuncin gidansa zai iya haɗiye tafiyar 'yarsa dutse wajen 'yan tawaye in ya tabbata babu namijin da zai taɓa ta, in ba haka ba kuwa sai dangi su taso wa ƙungiyar. Ki ƙara da cewa mai mata da 'ya'ya yana tunani sau biyu kafin ya shiga wuta. Da yawa daga cikin 'yan matan ma gudun auren dole ne ya kai su can, kinga an gudu daga wata doka an faɗa wata.

Bari in baki labarin mace ɗaya ki gane nauyin abun. Sakine Cansiz tana cikin mutanen da suka zauna a ƙauyen Fis kusa da Diyarbakir a 1978 aka kafa PKK. An kama ta, ta shafe sama da shekara goma a ɗaure, har da kurkukun Diyarbakir da ya yi ƙaurin suna wajen azabtarwa bayan juyin mulkin soja na 1980. A wannan zaman ɗaurin ne suka yi alkawarin aure da wani abokin gwagwarmayarta Mehmet Sener. Da suka fito shi sai ya fara sukar yadda Ocalan ke tafiyar da ƙungiya, aka ce masa maci amana, ya gudu, a 1991 aka harbe shi a Kamishli ta Siriya, kuma yawancin waɗanda suka rubuta tarihin ƙungiyar ita suke ɗora wa jininsa. Sakine ba ta fita ba. Ta zauna a ƙungiyar da ake zargi da kashe mata masoyi har shekara ashirin da ɗoriya, a duk wannan lokacin ba ta yi aure ba, sai ranar 9 ga Janairun 2013 aka harbe ta a wani ofishi a Paris ita da wasu mata biyu. Wanda ake tuhuma ya mutu a 2016 kafin a fara shari'a. Ni dai duk sanda na tuna wannan matar sai in rasa me zan kira abun, imani ne ko kuwa mutum ne ya riga ya ba da abinda ba zai iya dawowa ya karɓa ba.

Wani abun dariya mai ciwo, shi kanshi Ocalan ya yi aure a 1978, matar sunanta Kesire, daga baya suka ɓata ita ma aka kira ta maciyar amana. Ƙanensa Osman kuwa da ya kai babban kwamanda, a 2004 ya tattara ya bar dutse ya je ya yi aurensa. Mai dokar barci kenan.

Kada kuma dariyar hoton ta rufe miki ido 'yata. Yaƙin da PKK ta fara ranar 15 ga Agustan 1984 ya ci rayuka sama da 40,000. Sojan Turkiyya sun tashi ƙauyuka wajen 3,000 a shekarun 1990, ita ma PKK ta kashe malaman makaranta da iyalan 'yan sintirin ƙauye da gwamnati ta ba bindiga, Kurdawa 'yan uwansu, shi yasa Turkiyya da Amurka da Tarayyar Turai suka sa ta a jerin 'yan ta'adda. An kama Ocalan a Nairobi a Fabrairun 1999 yana tsare a tsibirin Imrali tun lokacin. A Fabrairun 2025 ya ce a ajiye makami, a watan Mayu ƙungiyar ta ce ta rushe kanta, ranar 11 ga Yuli mutum talatin suka ƙona bindigoginsu a bakin wani kogo kusa da Sulaimaniyya ta Iraƙi, rabinsu mata. Da na ga bidiyon abinda ya zo min a rai ba siyasa bace, matan na kalla, akwai waɗanda suka hau dutse suna 'yan shekara sha takwas yau ga furfura, nace to yanzun in an sauko gidan wa za a nufa.

TAMBAYA: Kawu wani malami yace Salahuddin Al'ayyubi ba Balarabe bane Bakurde ne. In haka ne ya aka yi jikokin wanda ya ƙwato Ƙudus ba su da ƙasa? Daga ɗan makarantar allo da boko, Damagaram.

AMSA: Malaminka ya yi daidai ɗana, Bakurde ne haifaffen Tikrit, shi ya karɓi Ƙudus a 1187. Amma daular Musulunci ya kafa ba ta ƙabila ba, a zamaninsa ba a san wannan lissafin na kowane yare da tutarsa ba. Da daular Usmaniyya ta faɗi bayan yaƙin duniya na ɗaya, yarjejeniyar Sevres ta 1920 ta buɗe musu ƙofar samun ƙasa, jagoran Turkawa Mustafa Kamal ya ci yaƙinsa aka sake zama a Lausanne a 1923 ko sunansu ba a ambata ba. Sai suka wayi gari a ƙasa huɗu, Turkiyya, Iran, Iraƙi da Siriya, mutum miliyan talatin zuwa arba'in a ƙiyasin yau. Kai da kake Damagaram kana da dangi a Daura ka san yadda Bature ke jan layi ta tsakar gidan mutane, bambancin kawai mu ba a taɓa hana mu yin Hausa ba, su kuwa a Turkiyya har Turkawan dutse aka riƙa kiransu, dokar 1983 ta haramta yarensu sai 1991 aka ɗage. Suna da karin magana wai ba su da aboki sai duwatsu, gaskiya ne an sha sayar da su, kamar 1975 da Shah na Iran ya shirya da Saddam a Aljiyas ya janye musu tallafi dare ɗaya. Amma kar a manta a shekarun 1990 jam'iyyun Kurdawan Iraƙi biyu, ta Mas'ud Barzani da ta Talabani, sun yi yaƙi da junansu har Barzani ya gayyato tankokin Saddam cikin Arbil a 1996. Sai bango ya tsage ai ƙadangare ke samun wurin shiga.

TAMBAYA: Kawu ina gaisuwa daga Hamburg. Ina aiki a shagon shawarma, maigidana Bakurde ne daga Turkiyya, mutumin kirki wallahi ko azumi tare muke shan ruwa. Shekararsa kusan talatin bai taka garinsu ba, mahaifiyarsa ta rasu ta waya ya ji. 'Yarsa sunanta Zin ɗansa Mem, da na tambaye shi ma'ana sai yace labari ne mai tsawo ya juya baya yana goge ido. Na ji nauyin sake tambaya. Wane labari ne?

AMSA: Ƙanena sannu da sanyi, kuma ka kyauta da ka yi shiru. Sunayen masoya biyu ne, yadda Larabawa ke da Laila da Majnun haka Kurdawa ke da Mem da Zin. Tatsuniya ce tsohuwa da mawaƙansu ke rerawa, sai wani malami masanin addini Ahmad Khani ya tsara ta a waƙe wajen 1692, baiti sama da 2,600, kuma da gangan ya rubuta da Kurdanci a lokacin da malami in zai nuna ilimi da Larabci ko Farisanci yake rubutu. Ya faɗa da kansa a farkon littafin cewa ya yi haka ne dan kar a ce Kurdawa ba su da ilimi ba su da littafi, ya kuma koka da rashin haɗin kansu. Ya tuna min da su Nana Asma'u da suka ga cewa in ana so magana ta shiga zuciyar mutane sai da harshen da uwa ta yi musu rarrashi.

Labarin a garin Jizre aka yi shi, bakin kogin Dijla a Turkiyya ta yau. Ranar bikin Nauroz, sabuwar shekararsu ta 21 ga Maris, samari biyu aminai Mem da Tajdin suka haɗu da ƙannen sarkin garin su biyu, Zin da Siti, aka yi musayar zobe. Tajdin ɗan manya ne aka ba shi Siti aka sha biki. Saura Mem da Zin, sai ga Beko, mai tsaron ƙofar sarki, annamimi na ƙarshe, irin mutanen nan da in ba su raba biyu ba abinci ba ya musu daɗi. Ya yi ta zuga sarki, har ya shirya a buga shaɗaranji, wani irin wasan dara, tsakanin sarki da Mem da sharaɗin wanda aka cinye zai faɗi abinda aka tambaye shi. Mem na cikin cin wasa ya hango Zin ta taga hankalinsa ya tashi aka cinye shi, ya furta sunanta a gaban fada, aka jefa shi kurkuku. Sanda sarki ya sauko ya yarda a yi auren Mem ya riga ya ƙare, ita ma Zin ta bi shi aka binne su gefe da gefe. Tajdin ya kashe Beko aka binne shi kusa da su, daga jininsa ƙaya ta tsiro ta ratsa tsakanin kaburburan biyu, ko a ƙasa bai bar su sun haɗu ba. Har yau akwai hubbaren a Jizre mutane na ziyarta.

Kurdawa na wannan zamanin sun karanta shi da wata fassara, Mem shi ne Bakurde, Zin ita ce ƙasar da yake gani ta taga ba ya iya taɓawa. Abinda ni ya fi tsaya min shi ne Beko ba baƙo bane, ɗan cikin fada ne. To mutumin da ya bar gida shekara talatin ya sa wa 'ya'yansa waɗannan sunaye, kaga ai ya haɗa su a ɗaki ɗaya tunda ƙaya ta hana a can.

Kuma ba shi kaɗai bane, Jamus ɗin da kake ita ce ta fi kowace ƙasar Turai yawan Kurdawa. Gudun hijira kamar gado ne a wurinsu. A 1946 sun kafa 'yar jamhuriya a Mahabad ta Iran ko shekara ba ta cika ba, aka rataye shugabanta Ƙazi Muhammad a 1947, babban kwamandanta Mulla Mustafa Barzani ya ja mutum wajen 500 a ƙafa sojan ƙasa uku na farautarsu har suka haye kogin Aras suka shiga Tarayyar Sobiyet. Ya bar jariri a baya, Mas'ud, wanda bai san ubansa ba sai yana ɗan shekara 12. Mutanen nasa aka warwatsa su Azarbaijan da Uzbekistan, da yawa suka yi aure a can, da aka kifar da sarautar Iraƙi a 1958 aka ce su dawo, a 1959 jirgin ruwa ya sauke su a Basra da matansu 'yan Sobiyet da 'ya'ya. Ka auna matar da aka bari a ƙauye ta yi shekara sha biyu tana jira, ga maigida ya dawo da rai alhamdulillahi, ga kuma kishiya mai jin Rashanci a bayansa. Ban ga littafin tarihin da ya tsaya ya tambaye ta ya ta ji ba.

In kana so ka faranta masa wata rana ka ambaci Ahmet Kaya. Mawaƙi ne da Turkawa da Kurdawa duk suke so, a wani bikin ba da kyauta a Istanbul a 1999 yace zai yi waƙa ɗaya da Kurdanci, nan take manyan baƙi suka hau jifansa da cokula masu yatsu, aka buɗe masa shari'a, ya fita Paris, a Nuwamban 2000 zuciya ta buga yana da shekara 43, can aka binne shi. Ina kyautata zaton muryarsa na cikin abinda kake ji a shagon nan in dare ya yi.

TAMBAYA: Kawu ni tambayata ba ta tarihi bace sosai. Na ji a rediyo ana maganar matan Anfal a Iraƙi da suka yi ta jiran mazajensu. Yayata mijinta ya fita tun 2014 lokacin rikici ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ba gawa ba labari, 'ya'ya huɗu. Dangin miji sun ce kar ta kuskura ta yi aure ɗansu na nan da rai, mu kuma muna ganin tana ƙarewa. Su waɗancan matan ya suka ƙare? Daga wata baiwar Allah, Maiduguri.

AMSA: Allah sarki 'yar uwa. Allah ya bayyana shi in yana raye, in ya riga mu Allah ya jiƙansa, ita kuma Allah ya ba ta lada.

Anfal suna ne da gwamnatin Saddam ta ɗauko daga sura ta takwas ta Alƙur'ani ta liƙa wa kisan da ta yi wa Kurdawa daga Fabrairu zuwa Satumban 1988, kuma mafi yawan waɗanda aka kashe Musulmi ne masu sallah, wannan kaɗai ya isa mutum ya yi kuka. Ɗan uwan Saddam, Ali Hassan al-Majid, shi ya jagoranta. Ana zagaye ƙauye a rushe, a ware maza da samari a zuba a mota, shikenan. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce an kashe tsakanin 50,000 zuwa 100,000, Kurdawa na cewa 182,000. A cikin wannan shekarar ne aka zuba wa Halabja iska mai guba ranar 16 ga Maris mutum wajen 5,000 suka mutu. Kafin nan ma a 1983 an kwashe maza wajen 8,000 na dangin Barzani daga sansanoni irin su Kushtapa, sai a 2005 aka dawo da ƙasusuwan wajen 500 daga hamadar kudancin Iraƙi.

Matan da aka bari sun shiga irin halin yayarki sak, ba matan aure ba ba zawarawa ba. Ba takaba tunda ba gawa, ba gado, in ta fita neman aiki a yi da ita, in ta yi kwalliya a ce ta manta da shi, in wani ya nuna yana so dangin miji su ce sai dai ta ajiye 'ya'ya. Da yawansu sun yi sama da shekara goma cikin baƙaƙen kaya a sansanonin da aka tara su, duk jita-jitar da ta zo cewa an ga fursunoni a wuri kaza sai su tashi, har faɗuwar Saddam a 2003 wasu na sa ran za a buɗe wani kurkuku mazan su fito, sai aka buɗe ramuka. Wani abun da ya ƙara musu nauyi, yawancin Kurdawa Shafi'awa ne, kuma sanannen ra'ayi a mazhabar shi ne matar wanda ya ɓace ta jira har a tabbatar da mutuwarsa ko a kai shekarun da irinsa ba ya wuce su. Waɗanda aka ɗauke wa miji suna 'yan ashirin, sanda aka ce musu hanya ta buɗe sun riga sun aurar da 'ya'ya.

Mu nan mazhabar Malikiyya muke bi kuma tana da sauƙi a wannan babin, mace ta kai ƙara gaban alƙali, a bincika, in ba a samu labari ba a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, in ma babu abinda ya bari da za a ciyar da ita akwai hanyar da ta fi wannan gajarta. Ni ba mufti bane, hukuncin yana da rassa gwargwadon yadda mutum ya ɓace, dan haka ku je kotun shari'a da ita da waliyyinta, ba zauren unguwa ba. Ku nemi wani dattijo da uwar mijin ke jin nauyinsa ya fara zuwa ya zauna da ita, dan ita ma tsohuwar ba mugunta bace, ranar da surukarta ta ɗaura aure ranar ne ɗanta ya mutu a wurinta, shi take gudu. A tabbatar mata jikokinta ba za su yi nisa da ita ba. Sannan kafin duk wannan ku zaunar da yayar taku ku tambaye ta ita me take so, dan a wasiƙarki na ji abinda dangin miji ke so na ji abinda ku kuke gani, nata ne ban ji ba. Ki sake rubuto min in kun je.